Ranar Da Na Kai Kazata Vom

Abin da na fara gani da muka shiga ɗakin aikin Kawu a Vom shi ne wani farin ɓera a cikin keji, yana ta zagaya wuri ɗaya, kansa a karkace, kunne ɗaya na kallon rufi. 'Yan'uwansa suna cin abinci, shi kuwa juyi kawai yake yi. Na ƙara rungume kwandon da ke hannuna, domin haka kazata take yi tun farkon mako.

Kazar tawa ce ni kaɗai. Kakata ta ba ni ita tana 'yar tsako, ja ce mai ɗigon fari a wuya, kullum ita ke fara tarbata in na dawo daga makaranta. Da ciwon ya kama ta, kowa a gidanmu na Anguwan Rogo ya zama likita. Aka ɗura mata barkono, aka jiƙa mata toka. Baba ya wasa wuƙa ya ce a yanka kafin ta zama mushe. Ba wanda ya tambayi mai kazar. Sai ga Kawu, ƙanen Inna, ya tsuguna ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Kar a yanka. A kawo mana ita."

A gidanmu asibitin dabbobi ake ce wa wurin aikin Kawu. Don haka Inna ta shirya kazar yadda ake shirya mara lafiya. Ta shimfiɗa tsumma a kwando, ta ƙulle gero a tsohon kallabi, ta haɗa ni da ƙaramin kwanon ruwa. Har cewa ta yi in tambayi ranar sallama.

Shugaban ɗakin wani dogon Bayarabe ne mai farar riga, Kawu na kiransa oga. Ya leƙa kwandon, ya ga ƙullin gero da kwano, ya fashe da dariya.

"Kai, wannan kaza ya zo da kayan jinya! Ina katifa?"

Kawu ma ya taya shi, har da dafa tebur. Na sunkuyar da kai, takaici ya cika ni. Ban ga abin dariya ba.

Da ya gama, Kawu ya nuna mini kejin. "Kin ga ɓeran can, 'yar Yaya? Murar tsuntsaye muka ɗiga masa a hanci. Ba ta tsaya masa a ƙirji ba, ta bi ta hau ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake juyi. Taki ma wani abu ya hau mata kai, ko wannan murar, ko wani ciwon daban. Sai mun duba."

"Allura za ku yi mata?"

Bai ji ni ba. Ya riga ya juya suna Turanci da oga. Sai da na maimaita, ni da ko a aji ba na son a ji muryata.

"Allura kuma? Ƙwaƙwalwar ake dubawa."

"Ta ina?"

Ya sosa ƙeya. Idona ya sauka kan wani faranti a gefensa, an jera ƙananan almakasai da wuƙaƙe masu ƙyalli. Na gane. Ashe abin da Kawu ya hana Baba yi a tsakar gida shi za su yi a nan, bayan na sha sanyin mota tun daga Jos da kwando a cinya.

"Me ya sa ba ka faɗa a gida ba?"

"Ni cewa na yi a kawo, ban ce jinya ba. Innarki ce ta ƙara nata. Ba za ta tashi ba, kin ji? In muka gano ciwon, kajin gari da yawa za su tsira."

Ni ban san kajin gari ba, tawa na sani. Na buɗe kwandon. Wuyanta ya ƙara murɗewa, idonta ɗaya a lumshe, tana buɗe baki a hankali. Na tsoma yatsa a ruwa na ɗiga mata, bai wuce ba. Gaskiya Kawu ya faɗa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Oga ya sa safar hannu, ya miƙo hannu zai ɗauke ta. Na ja kwandon baya, na kama gefen rigar Kawu.

"Kawu, don Allah ka ce ya dakata. Ku bari ta mutu da kanta a hannuna, sannan ku ɗauka."