Sajan da Madam a Ruwan Famfo

Arlo Bergstrom ya yi shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu da ƙafa a unguwannin tudu na birnin Duluth. Babu karen da bai san sunansa ba a layinsa. Sai da ya ajiye aiki ya gane cewa masu ɗaga masa hannu kullum jakarsa suka sani, ba shi ba. Matarsa Lois ta rasu shekara biyu kafin nan. 'Yarsu tilo, Renata, tana can Phoenix, tana bugo waya ranar Lahadi daga cikin mota, ta gama magana kafin ta isa inda za ta.

Abin da ya rage masa a ɗakinsa na hawa na uku shi ne tankin gilashi na ruwan gishiri, da 'yan kifaye uku da jatan lande biyu, jajaye masu farin zane a baya da dogon farin gashin baki. Ya sa musu suna Sajan da Madam. Irin masu wanke kifi ne: kifi ya zo ya tsaya, su hau shi su tsince masa datti. Arlo kan ja kujera da safe da kofin gahawarsa ya zauna kallo.

"Sajan, yau ma kai ka fara cin abinci ka bar Madam? Ba ka da kunya," in ji shi. Ba a taɓa ba shi amsa ba, bai kuma taɓa fasawa ba.

Duk ranar Talata yakan je shagon Marlys Tollefson mai sayar da kifin ado, ya sayo tataccen ruwa jarka biyu, ya hau da su bene. Ruwan famfo ba ya yi wa waɗannan halittu, wannan kowa ya sani. Ita ce kaɗai hirar da yake yi da mutum ido da ido a mako.

Cikin Janairu ya zame a kan ƙanƙara a bakin ƙofar gidan, ya bugu a ƙugu. Likita ya ce babu karaya, amma kada ya ɗauki nauyi har wata biyu. Da Renata ta bugo ta ce, "Baba, lafiya dai ko?" sai ya ce lafiya ƙalau, sanyi ne kawai. Ya yi tunanin roƙon maƙwabcinsa na ƙasa ya ɗauko masa ruwa, sai ya tuna ko sunan mutumin bai sani ba. Ya buɗe famfon kicin, ya tara, ya kwaɓa gishiri, ya ce a ransa sau ɗaya dai ba zai yi komai ba.

Sau ɗayan ya zama sau huɗu. A mako na uku Sajan ya daina fitowa cin abinci. Ya maƙale ƙarƙashin dutse, gashin bakinsa ya lanƙwashe, jan jikinsa ya dushe. Kifi ya zo ya tsaya a gabansa, bai ko motsa ba. Da lokacin saɓarsa ya yi, tsohon ɓawon ya tsage a baya amma ya ƙi fita, ya riƙe masa ƙafafu. Arlo ya wuni a gaban gilashin yana kallonsa kwance a gefe yana shure-shure. Ya sa hannu zai taimaka, ya fasa, don ya san ja ɗaya zai tsinka shi. Kafin la'asar Sajan ya daina motsi.

Ya tsamo shi da ƙaramar raga, ya naɗe shi a takarda, ya tsaya tsakiyar kicin bai san inda zai kai shi ba. Ƙasa ta daskare, ba a iya haƙa rami. Ya sa shi a tsohon gwangwanin alewar Lois ya ajiye a firji.

Washegari Madam ma ta fara rangaji. Ya ɗebi ruwan tankin a kwalba, ya kira tasi, ya sauka benen da sanda, taki ɗaya ɗaya, ya nufi shagon Marlys.

"Kai, dattijo! Na ce ko ka yi sabuwar budurwa ka manta da mu," in ji Marlys. Sai ta ga sandar, ta bar dariya. Ta karɓi kwalbar, ta ɗiga magani a ciki, ta ɗaga ta ga haske. Launin ruwan ya sauya.

"Tagulla ce. Me ka zuba musu?"

"Ruwa."

"Wane ruwan? Rabona da kai wata guda."

Ya sunkuyar da kai. "Na famfo."

"Haba, Arlo! A wancan tsohon ginin naku mai bututun tagulla tun zamanin kakanni? Kifi zai daure, amma jatan lande ɗan kaɗan ya ishe su. Me ya hana ka kira ni?"

"In ce miki me? Ki rufe shago ki zo ki yi wa tsoho dako?"

"E mana! Bakinka ciwo yake yi?"

Ta juya alamar ƙofar shagon zuwa "a rufe", ta loda jarka huɗu a motarta, ta kai shi gida. Ita ta hau da su benen, tana haki tana tsine wa wanda ya gina gidan. Suka sauya ruwan kaɗan kaɗan don kada Madam ta firgita, ta sa gawayi da wani ƙunshin abin tsotse tagulla a matatar ruwan tankin. Arlo ya ɗora gahawa, ya fito da kofi biyu, ya wanke ƙurar na biyun. Kafin ta tafasa Marlys ta riga ta sa rigar sanyinta.

"Wata rana, dattijo. Na bar shago ba kowa."

Madam ta yi kwana tara tana jan jiki. A na goma da safe ya tarar da ɓawonta a kan dutse, cikakke, fari fat kamar leda, har da ƙafa ɗaya da ta tsinke mata garin fita. Ita kuma tana ɓoye a bayan dutsen, jikinta da taushi, tana kaɗa gashin baki. Ya ɗauki waya ya kira Renata duk da ba Lahadi ba ce. Ba ta ɗauka ba. Ya bar mata saƙo, ya gaya mata zamewar da ya yi, da sandar, da komai. Da yamma ta bugo tana faɗa tana kuka, ta ce za ta zo in an yi hutun bazara.

Marlys ta ci gaba da kawo ruwa duk Alhamis. Yawanci a bakin ƙofa take ajiyewa, ta ƙwanƙwasa ta sauka da gudu. Ta ce ya zo ya zaɓi wani jatan landen ya zama abokin Madam. Ya ce a bari tukuna, sai ƙugunsa ya warke ya iya hawa da ruwansa da kansa.

Ƙanƙara ba ta narke ba sai ƙarshen Afrilu. Ya ɗauki gwangwanin da cokalin shuka ya sauka filin da ke bayan ginin, inda ake shanya. Maƙwabcinsa na ƙasa yana gyaran keke a wurin, ya ɗago ya ce, "Me ake binnewa haka?"

"Jatan lande," in ji Arlo.

Mutumin ya dube shi, ya dubi gwangwanin, ya ce, "Allah sarki," ya koma kan kekensa.