Malam Datti Magini, Mai Jiran Ruwan Sama

Haihuwa da koyon sana'a

An haifi Malam Datti Magini a shekarar 1951 a unguwar Kwararafa da ke garin Jos. Mahaifinsa, Malam Ibrahim, mutumin Ɗambatta ne da aikin haƙar kuza ya kawo shi Filato, mahaifiyarsa kuwa Malama Kande mai waina. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya kuma kammala firamare a 1965, aka damƙa shi a hannun Baba Mwadkon, wani dattijo Birom da ya shahara wajen gini da dutse da jar ƙasa. Shekara takwas ya yi yana koyon tayar da bango mai kauri, irin wanda yake riƙe ɗumi idan sanyin Jos ya tsananta, ya kuma sanyaya ɗaki da bazara ba tare da fanka ba. A 1976 ya auri Malama Hassana, 'yar wani tela a Laranto.

Kuskuren 1983

A ranin 1983 amininsa Livinus Okwudili, mai sayar da katako, ya ba shi aikin gida a Tudun Wada. Filin shimfiɗaɗɗe, gwanin sha'awa, ashe tsohon ramin kuza ne da aka cike da shara da yashi. A watan Agusta ruwa ya komo mazauninsa, bangon gabas ya zube wata Lahadi da safe. Allah ya kiyaye, iyalin duk suna coci. Malam Datti ya sake gina gidan a kan tudu da guminsa, kuma tun daga ranar ya ɗaura wa kansa ƙa'idar da bai saɓa ba har ƙarshen rayuwarsa: ba ya haƙa fandisho sai ya tsaya a filin ana tsaka da ruwan sama, ya ga hanyar da ruwan ya bi, ya kakkafa mata turaku, ya bar ta babu gini.

Livinus bai daina tsokanarsa ba. Da hadari ya haɗu sai ya ɗaga murya: "Oga Datti, ruwa ya zo, je ka yi wanka a fili na mutane!"

"Ai ya riga ka zuwa filin, Livinus," in ji Malam Datti. "Sai mun ji inda yake so ya wuce."

Gidan Laranto

Garin ya ci gaba da cika yana tumbatsa, bulon siminti ya mamaye ko'ina, masu filaye kuma ba su da haƙurin jiran damuna, don haka ayyuka da yawa suka kuɓuce masa. A 1992 ya gina gidansa a Laranto, ya bar taku goma sha biyu ta bakin titi, ya shimfiɗe su da dutse, ya dasa mangwaro da gwaiba a gefe. Ta nan ruwan gidaje wajen ashirin yake gangarawa zuwa rafi. Idan aka toshe, gidajen da ke ƙasa zai faɗa wa. A inuwar nan mata suke tsinke alayyafo, masu keke-napep suke shan iska. Babban ɗansa Badruddeen ya daɗe yana yi wa wurin kallon asara.

"Baba, shago shida fa za su fito a nan."

"Za su fito mana. Ruwan kuma ya kwana a ɗakin Maman Nonso," wato gwauruwar da ke zaune ƙasa da su.

Rasuwa

Allah ya yi wa Malam Datti rasuwa ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, bayan gajeruwar jinya, yana da shekara saba'in da uku. An sallace shi bayan Azahar aka kai shi makwancinsa, Livinus na biye da gawar yana dogara sanda yana share hawaye. Ya bar matarsa Hassana, da 'ya'ya uku, Badruddeen da Ibrahim da Ummusalma, da jikoki tara. Allah ya jiƙansa da rahama.

Bayan sadakar arba'in filin ya faɗo a rabon Badruddeen, kuma cikin mako guda aka sauke bulo a gindin mangwaron. Maƙwabta na kallo, babu mai ikon hanawa. Ranar da magina suka zo awo da hantsi, ruwa ya tsuge. Kowa ya ruga rumfa, sai Badruddeen kaɗai ya tsaya riƙe da igiyar awo, yana kallon jan ruwa na fitowa daga lunguna, yana bin duwatsun mahaifinsa ɗaya bayan ɗaya, yana wuce gidan Maman Nonso bai taɓa dokin ƙofarta ba.

"Ɗan Oga Datti," Livinus ya kira shi daga rumfa, "kai ma ka fara wanka?"

Badruddeen ya naɗe igiyar, ya juyo wurin magina, rigarsa sharkaf.

"Ku mayar da bulon nan mota. Wannan hanyar ruwa ce, kuma muddin ina raye ba mai ɗora mata gini."