Ragar da na saƙa wa 'yan kwandon Nguru

Ni masunci ne ɗan masunci, kuma har na kai shekara talatin ban san ana biyan ƙato albashi don ya jefa ƙwallo cikin zobe ba. Sai da wani dogon mutum daga ƙasar Binuwai ya kama ɗaki biyu a gidana a Nguru, shi da matarsa da 'ya'yansa mata biyu. Wani kamfani ne a garin ya ɗauke su, su goma. A takarda ma'aikata ne, amma aikinsu ƙwallon kwando, kuma shi ne shugabansu a fili. Ina ce masa Kyaftin, yana ce mini Maigida.

Shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, lokacin da ruwa ya ja baya, kifi ya yi wuya. Na fi zaman gyaran taru a kan shiga ruwa. Rashin abin yi ne ya kai ni filinsu wata la'asar, daga ranar kuwa na kamu. Kada ma wani ya ce gwanintarsu ce ta ja ni. Wace gwaninta? Duk sun kwana biyu, gwiwoyi sun mutu. Idan yaran Kano ko na Maiduguri suka zo, kafin namu su juya an riga an zuba musu. Kyaftin kansa hannu kawai ya rage masa. In dai ya samu ƙwallo ba kowa a gabansa, to ka rubuta ta shiga. Amma gudu, sai dai ya ja ƙafa kamar mai tafiya cikin taɓo. Ina zaginsu a fili, in dawo gida in kasa cin tuwo.

Zobbansu tsirara suke, ko zare babu. Abin ya tsaya mini a rai, na ɗauki zaren taru na saƙa musu raga biyu. To hannuna bai saba da ragar da ke sakin abin da ta kama ba, sai na tsuke gindin kamar yadda muke yi wa ta kifi. Ranar da aka ɗaura, duk ƙwallon da ta shiga sai ta ɗan maƙale kafin ta faɗo. 'Yan kallo suka yi ta yi mini tsiya, wai na zaci tarwaɗa ce. Kunya ta kama ni, na ce zan kwance in gyara.

Kyaftin ya ja ni gefe. "Maigida, kada ka taɓa ta," ya ce. Ya nuna mini cewa idan suka ci, kafin ƙwallon ta sauka abokan karawa su ɗauka, tsofaffinsa sun samu sun koma gida sun tare. Idan kuma su aka ci, jiran bai rage su da komai ba, tunda dama ba gudu suke yi ba. Ranar muka yi nasara, ta farko a kakar. Har gida na dawo ina jin da ni aka buga.

Daɗin bai daɗe ba. Muka sha kashi a Kano, muka sha a Maiduguri, aka biyo mu har gida aka ƙara mana. Ga tsuke bakin aljihu ko'ina. Manajan kamfanin ya tara su ya gaya musu ƙiri-ƙiri: in suka ƙare a ƙarshen teburi, an rushe ƙungiyar, kowa ya kama gabansa. Matar Kyaftin ta daina sayen hatsi da buhu, ta koma kwano-kwano. 'Ya'yansa kuwa a gidana suka yi wayo, a ɗakin matata suke yini, Hausa da Barbarci sun fi zama a bakinsu a kan yaren ubansu.

Ba ni da abin da zan taimaka da shi sai zare. Duk wasan da aka cinye mu, sai in sauke ragar in rage mata ido ɗaya don ta ƙara tsukewa. A karo na uku Kyaftin ya ɗaga kai ya duba, ya ce mini ya isa haka, kada in ƙara. Na ce to. A raina kuwa na ce, shi me ya sani a kan raga?

Wasan ƙarshe a Gashua aka sa shi, mu da ƙungiyar da ke samanmu da kaɗan. Wanda aka cinye shi ne na ƙarshe. Na ji labarin zobban can ma ba raga, sai na saƙa sababbi biyu, na tsuke su fiye da na gida, ban gaya wa kowa ba. Muka cika a-kori-kura, muka sha jijjiga da rana har Gashua. Da hannuna na hau benci na ɗaura su, alƙalin wasa har godiya ya yi mini.

Kuma ta yi aiki, wallahi ta yi. Yaran Gashua suka rasa gudunsu, suna ta tsaki a ƙarƙashin zobe. Ana saura 'yan daƙiƙu muna gaba da maki ɗaya, sai wani siririnsu ya kutsa ya jefa, ta shiga. Suka wuce mu da ɗaya. Amma da sauran lokaci, jifa ɗaya ya ishe mu.

Sai na ga Kyaftin ya ruga. Duk kakar ban taɓa ganin ya yi gudu haka ba. Ya wuce kowa, ya tsaya shi kaɗai kusa da ɗaya zoben, ya ɗaga hannu biyu yana jiran a wurgo masa.

Ƙwallon tana cikin ragata. Ta zauna daram, ta ƙi faɗowa. Ɗan wasanmu ya yi tsalle bai kai ba, ya sake yi ya bugo ta, kafin ya kama mai agogo ya busa usur. Mutanenmu suka yi ca a kan alƙali. Ya ce agogo ba ya tsayawa don an ci, sannan ya tambaye su wa ya kawo ragar in ba mutuminsu ba. A motar komawa kuwa ba wanda ya yi mini magana.

Aka rushe ƙungiyar, bayan sati uku na raka Kyaftin da iyalinsa tashar jirgi. Matata ta ƙi zuwa, ta shige ɗaki tana kuka. Ƙaramar 'yar ta riƙe mini riga tana tambaya ko gobe za su dawo. Tun daga Gashua nake neman bakin da zan ba ubanta haƙuri, ban samu ba. Da na fara, sai ya dafa kafaɗata.

"Bar shi, Maigida. Ko ta faɗo, wa ya sani ko zan ci?"

Kaka guda na yi ina kallon hannun nan, na san zai ci, shi ma ya sani.