Kawu Basilla da Ƙafafun Motarsa

Kawu Basilla wan mahaifiyata ne, kuma tun ina yaro ban taɓa ganin ya dubi fuskar mutum kafin ya dubi ƙafarsa ba. Ɗinkin takalmi ne sana'arsa, a wani ɗan shago mai warin fata da gam, inda ƙafafun katako ke jere a kan kanta kamar masu jiran a kira su. Sunan kuwa ya samo shi ne saboda basillar da ba ta rabuwa da bayan kunnensa. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ce sau da yawa sai ya kwanta take zare masa ita.

Aƙidarsa guda ce, kuma duk wanda ya shiga shagon nan sai ya ji ta: babu ƙafa biyu da suke daidai, ko da a jikin mutum ɗaya ne. Yakan tsayar da kai a kan kwali, ya zana ta dama daban, ya zana ta hagu daban, sannan ya sa ka taka zuwa bakin ƙofa ka dawo yana kallon dugaduganka. Daga nan zai tambaye ka inda kake zuwa da takalmin. In ka ce ofis, ya ce ofis mai bene ko na ƙasa. Mutane suna ƙorafin tambayoyinsa, suna kuma dawowa.

Da bayansa ya fara gajiya da sunkuyo, sai ya rufe shago, ya sayi ɗan lambu a bayan gari da wata tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu. Hanyar lambun kwalta ce kusan gaba ɗaya, sai can ƙarshe inda ake gangarawa wata jar ƙasa da ke zama taɓo da zarar an yi ruwa. Kusan kullum da safe shi da Inna suna kan hanyar nan, shi a sitiyari, ita a gefe tana gyara masa tuƙi, ko da yake ba ta taɓa tuƙa ko keke ba. Wannan 'yar tafiya ita ce ta maye masa gurbin shago. A nan yake hira, a nan yake faɗa, a nan yake ɗaga wa mutanen da ya sani hannu da waɗanda bai sani ba.

Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, Kawu ya ɗauki motar nan a matsayin kwastoma mai ƙafa huɗu. Duk tayar da ta cinye, sai ya tsuguna ya karance ta kamar tafin takalmi, ya tafi kasuwa ya zaɓo mata magajiya ita kaɗai. Ta gaba ta dama ya samo mata mai faɗi, don ita ce ke faɗawa ramukan bakin hanya. Ta baya ta hagu ya sa mata mai ɗan tsawo, wai ya lura motar tana jingina ta wajen. Sauran biyun ma kowace da tarihinta da kamfaninta. Motar tana wani gurnani a kwana, sitiyari yana ja gefe, Kawu ya ce ai halinta ne, kowa da irin tafiyarsa.

Wata safiya bayan ruwan sama, suna dawowa daga lambu, a gangaren nan na jar ƙasa, motar ta juya ɗuwawu a hankali, kamar mai neman wurin zama, ta zauna cikin kwata. Babu wanda ya ji ciwo. Inna dai ta fito ta ƙofar direba da kwandon tumatir a hannu, ba ta bari ko ɗaya ya zube ba, kuma har yau wannan take fara faɗa in ana labarin.

Auta ce ta ɗauki abin da zafi. Ita ce ƙaramar 'yarsu, ma'aikaciyar jinya, kuma duk gidan ana shakkarta, har da wanda ya haife ta. Da aka jawo motar gida, ta zare makullin ta jefa cikin jakarta. Ta ce Baba ya tsufa da tuƙi, idonsa ya yi rauni, hannunsa ya yi nauyi, za a sayar da motar, duk ranar da suke son zuwa lambu a nemo musu mai kai su. Kawu bai yi gardama mai yawa ba, abin da ya fi damunmu ke nan. Ya koma zama a ƙofar gida yana kallon motar, ita ma tana kallonsa. Ya daina tsokanar kowa. Wani maƙwabci ya wuce da takalmi ya karkace, Kawu ya gani, bai ce uffan ba. Ranar Inna ta kira ni ta ce in zo, abin ya yi tsanani.

Na roƙi Auta ta bari makanike ya duba motar kafin a yanke hukunci. Makaniken ya zagaya ta, ya sake zagayawa, ya tsaya ya cire hula ya sosa kai. Ya tambaya ko motoci huɗu aka haɗa aka yi wannan. Ya bayyana mana cewa irin wannan mota duk ƙafafunta ke ja tare, in wata taya ta fi wata tsawo sai su riƙa jayayya da juna, injin yana raba faɗa, a kan santsi kuwa kowace ta kama gabanta. Ya ƙara da cewa ɗaya daga cikin na baya ta suɗe kamar kansa. Auta ta saurara, ta ce ta ji, amma taya ba ta wanke direba. Abin da ta yarda da shi dai shi ne a sa sababbin tayoyi, Baba ya tuƙa ta zuwa lambu ranar da aka yi ruwa, ita a gefensa. In ta gamsu, makulli ya koma hannunsa. In ba ta gamsu ba, motar za ta fi saurin samun mai saye da sababbin ƙafafu.

Ita ta tuƙa mu zuwa shagon taya, ni da Inna a baya, Kawu a kujerar gefe yana taka birkin da babu shi. Shagon dogo ne mai duhu-duhu, tayoyi an jera su har rufi, warin sabuwar roba ya cika ko'ina, injin iska yana tari a wani lungu. Mai tayar wani kakkauran mutum ne mai sanyin magana, da alli a aljihun gaba. Kafin ya gama gaishe mu, Kawu ya zaro zaren awonsa na shago, ya tsuguna gaban ƙafar farko. Ya auna, ya matsa ta biyu, ya auna. Ya miƙe ya sanar da cewa taya huɗu yake so, amma kowace da irinta, zai faɗa masa ɗaya bayan ɗaya.

Auta ta buɗe baki, mai taya ya ɗaga mata hannu a hankali. Ya tambayi sana'ar Kawu, aka gaya masa. Sai ya jawo masa kujera, ya dubi takalman da ke ƙafar Inna, ya ce ko aikinsa ne. Kawu ya ce nasa ne, kuma na dama ya fi na hagu faɗi, don tana da ɗan kumburi a gindin babban yatsa.

"To Baba," in ji mai taya, "da ka faɗaɗa na dama, dunduniyar ma ka ƙara mata tsawo?"

"Wane irin zance ne wannan? In ƙara wa ɗaya tsawo ta riƙa ɗingishi? Ciki ake bambantawa. Abin da ke taɓa ƙasa dole ya zama ɗaya."

Mai taya ya juya ya dubi motar. Kawu ma ya juya. Ya daɗe yana kallonta, ya dubi ta gaba mai faɗi, ya dubi ta baya mai tsawo, sannan ya naɗe zaren awonsa a hankali ya mayar aljihu.

"Ashe ɗingishi take yi," ya ce. "Ni kuma ina cewa yanga ce."

Daga nan aiki ya koma zaɓen iri. Girman ba abin musu ba ne, mai taya ya buɗe ƙofar direba ya nuna mana lambobin da kamfani ya manna a jikin ƙarfen, ya ce wannan ne awon ƙafarta. Ya mirgino mana kala uku. Akwai mai laushin zane ta kwalta, akwai mai manyan haƙora ta taɓo da duwatsu, akwai ta tsakiya mai ɗan wannan da ɗan wancan. Kawu ya ga mai manyan haƙoran nan, hankalinsa ya tashi. Ya shafa ta, ya sa yatsa cikin ramukan zanen, ya ce ga taya ta maza. Mai taya ya gargaɗe shi cewa a kan kwalta kuka take yi kamar injin niƙa, mutum ba ya jin na kusa da shi. Kawu ya saci kallon Inna ya ce wannan ai ba aibi ba ne. Inna ta ce ta ji shi sarai, kuma in ya sayi injin niƙa za ta koyi ɗaga murya.

Sai mai taya ya tambaye shi inda yake zuwa da motar. Kawu, wanda ya yi shekaru yana yi wa mutane irin wannan tambaya, ya gyara zama ya fara ba da labarin duwatsu da rafuka da dazuzzukan da ban san yana ratsawa ba. Auta ta bar shi ya kai ƙarshe, sannan ta ce kwalta ce daga ƙofar gida har kusa da lambu, taɓon bai fi a tafi da ƙafa ana hira ba. Mai taya ya ce mai manyan haƙora ba ta riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta kamar ta tsakiyar, kuma a kwaltar ne za su fi daɗewa. Kawu ya sake shafa mai manyan haƙoran. Ya san ido biyu na Auta suna kansa, ya kuma san abin da ke cikin jakarta. Ya ce shi ma da wani ya zo masa da takalmin hawan dutse don zuwa kasuwa, da ya kore shi. A ba shi ta tsakiyar.

Bai bari an ɗaura ba sai da ya danna kowace da babban yatsa, don roba ma kamar fata ce, in ta daɗe a ajiye takan bushe. Mai taya ya nuna masa inda ake buga lokacin da aka ƙera ta a gefe, Kawu ya ce ya gode, amma yatsansa ma ya faɗa masa. Aka haɗa har da ta ajiya da ke rataye a baya, duk iri ɗaya. Tsofaffin kuwa ya ƙi barinsu, ya sa aka loda su a bayan mota, wai za a shuka barkono a ciki.

Ruwa ya ƙi zuwa na ɗan lokaci, Kawu ya zama mai duban sama. Da aka tashi wata safiya gari ya jiƙe sharkaf, kafin Auta ta gama shan shayi yana tsaye jikin mota da wankakkiyar riga. Ta miƙa masa makulli ta zauna a gaba, ni da Inna muna baya. Inna, abin mamaki, ba ta gyara masa tuƙi ko sau ɗaya ba, sai dai na ga ƙafarta tana motsi. Gurnanin nan na kwana ya ɓace. Da muka iso gangaren jar ƙasa, Kawu ya rage gudu, ya sa giyar ƙarfi, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Motar ta shiga taɓon, ta ɗan yi tunani, ta fita ɗaya gefen a miƙe. Ya tsaya daidai ƙofar lambu, ya kashe injin, ya zare makullin ya ɗora a tafin hannunsa tsakaninsa da Auta, bai dube ta ba.

Ta ce ta lura sai da ya matse ido kafin ya karanta allon mahaɗar hanya, don haka za a je a yanka masa tabarau, kuma babu tuƙi in rana ta faɗi. Kawu ya ce tabarau ai ado ne, da dare kuma dama ba shi da inda za shi.

"To riƙe abinka, Baba," ta ce, ta naɗe masa yatsunsa a kan makullin. "Amma ka hanzarta da tsinkar tumatirin nan, kai za ka sauke ni wurin aiki."

Ya sauke ta kuwa. Sai dai a hanya ya tsaya ya gaisa da mai sayar da itace, ya tsaya ya nuna wa makanike sababbin ƙafafu, ya bar wata akuya ta gama shawarar tsallaka titi. Auta ta isa asibiti a makare, ta fita tana mita, shi kuma ya leƙo ta taga yana tambayarta ƙarfe nawa zai dawo ya ɗauke ta.