Wartini da Launin da Ya Ƙi Kamawa

Tsoron ya fara kama Wartini ne a safiyar wata Talata, lokacin da ta rina yanka ɗaya har sau uku, ta leƙa madubin ƙara girma, ta ga launin bai kama ba.

Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan aiki a ɗakin gwaji na wani asibitin ido a birnin Semarang. Ubanta marini ne a garin Pekalongan, a bakin tukwanensa ta san launi. Ita kuwa jijiyar gani take rinawa, daga idanun da aka cire. Ta yanka ta siriri, ta shimfiɗa a gilashi. Mai lafiya takan fito kamar daurin tsintsiya da aka datse, zare dubu-dubu a matse. Hawan jinin ido yakan cinye zaren sama da na ƙasa. Guba kuwa zaren tsakiyar gani take fara kashewa, wurin ya koɗe.

"Sugeng, wa ya tsinka mini rinin nan da ruwa?" ta tambayi tsohon abokin aikinta.

Ya ajiye ƙunshin shinkafarsa, ya leƙa. "Yaya, wannan ai har ya fi jan bakin amarya. Ko tsufa ne ya zo ba sallama?"

"Tsufan gidanku. Sake dubawa."

Ya sake, ya ga jan yana nan, bai ƙara yin zolaya ba.

Ta rufe idon dama: ja ya koma ruwan ƙasa. Ta rufe na hagu, haka. Ta matsar da gilashin, koɗaɗɗen wurin bai matsa ba, yana nan duk inda ta kalla. Sai kanta ya ɗaure. Fasalin ɓarnar guba da ta sha nuna wa likitoci ne, amma yanzu ta rasa ko a gilashin yake ko a cikinta.

Wata huɗu tana shan maganin tarin fuka, kullum kafin karin kumallo, ba ta taɓa tsallakewa ba. Likitan ido ta ce ɗaya daga cikin ƙwayoyin ce ta jawo, wataƙila. Ta dakatar da ita.

"Zaruruwan sun mutu ne, ko suma suka yi?" in ji Wartini.

"Ba zan iya yanka jijiyarki in duba ba, Uwa," in ji likitar.

An ɗauke ta daga madubin, an ba ta aikin rubuta lambobi. Za a sake auna ganinta bayan mako shida. Yau saura kwana goma sha ɗaya.