Damunar da Na Yi Wa Rumbu Aski

Shekaruna sun ɓace mini, sunayen jikokina ma sai an tuna mini, amma wannan damunar ba za ta taɓa fita kaina ba. Turawa ba su daɗe da zama a Keffi ba, ni kuwa ina saro gishiri daga Keana, na kama ɗakin haya a Tudun Ƙofa, gidan wani dattijo mai maƙon tsiya.

Ruwan farko ya nuna mini jinkar ɗakin rariya ce. Gishirina ya fara narkewa, shi ne kuwa jarina kaf. Na je na durƙusa, na ce, "Baba, ɗaki yana yoyo."

Ya ce, "Da na ba ka shi da rani, yana yoyo?"

Na ce a'a.

"To, a hannunka ya koya."

Da na sake komawa sai ya ce masu yankan ciyawa duk Bature ya kwashe su aikin hanya, in na isa in je bariki in karɓo su. Ni da ko tarin Bature na ji sai na sake hanya!

Ranar da dattijon ya tafi Panda ta'aziyya na zagaya bayan gida, na hau rumbun dawarsa, na zare sabuwar ciyawa na toshe ɗakina, na mayar wa rumbu da ruɓaɓɓiya. Gishiri ya bushe, ni kuma na dinga yawo ina jin duk Keffi babu mai wayona.

Bayan mako uku dawa ta tsiro a cikin rumbu. Aka kira mai unguwa. Bai tambayi kowa komai ba, ya ɗaga kai kawai ya ga ciyawa fes a kan baƙar jinkata, kamar sabon faci a tsohon wando. Ya ce ciyawa da igiya na mai gida ne, hawa da ɗauri na mai kwana a ɗaki, har da rumbun da na aske.

Abin da ban tuna ba sa'ad da nake saman rumbu, a gidan nake cin tuwo. Aka ware jiƙaƙƙiyar dawar nan ana tuƙa mini ni kaɗai, tsami har cikin kunne. Dattijo ya zauna gefena yana cewa, "Ci, ɗana, nomanka ne." Har kaka ina ci.

Tun daga nan na koyi hankali. In mai gida ya ƙi gyara, kira mai unguwa ya tsaya ƙarƙashin yoyon ya jiƙe da kansa, kada ka taɓa rumbun da ake ɗebo maka tuwo.