Gyangyaɗin direba a hanyar Garki

Jama'a, yau na sauke direba daga kujerarsa!

Bas na shiga daga Dutse zuwa Garki, ina bayan direba. Ta madubi na ga idonsa yana lumshewa, mota tana cin gefen titi.

Na daki kafaɗarsa. "Kai yaro, tsaya, barci kake."

Ya ce, "Haba Hajiya, tunani nake."

Na ce, "Ba da rayukanmu ba."

Ya tsaya. To wa zai ja motar? Maza duk suka kau da kai. Sai wata 'yar Jos ta ce, "Mama, na iya tuƙi." Direba ya hana makulli. Na miƙa hannu ina kallonsa, ya bayar.

Lafiya lau ta kai mu. A tasha 'yan kamasho suka ce ina direba. Na ce, "Yana baya yana minshari, kada wanda ya tashe shi."